Liyafar ƙawaye da kamu a tsakar gida: yaya za mu ƙawata wurin da hannunmu?

Yayar amarya, Tumfure:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema wurin masu sani. Bikin ƙanwata saura sati biyar, tsakiyar Disamba, a nan Gombe. Liyafar ƙawaye ranar Laraba, kamu ranar Alhamis, duka a tsakar gidanmu, mata za su kai 60. Kuɗin masu kwalliyar fili ya fi ƙarfinmu, ita ma amaryar ta ce ba ta son irin adon da ake gani a kowane biki. N150,000 muka ware wa ado da kayan rabo. Muna da keken ɗinki, da 'yan mata huɗu masu taimakawa, sannan ɗakin kakarmu cike yake da ƙore da faya-fayai. Launin da take so ruwan madara da ruwan ƙasa. Ta ina za mu fara? Me za mu raba wanda zai ɗauki sunanta?

Mai kwalliyar fili, Pantami:
Wa'alaikumus salam. Allah ya sanya alheri. 'Yar uwa, kayan kakar nan su ne jarinku, ku gina komai a kansu. Wuri ɗaya za ku kashe wa ƙarfi, wato bayan kujerar amarya, domin nan duk hotuna za su fito.

Ki sayi fayif ɗin ruwa na roba mai inci 1 a wurin masu kayan famfo. A yanka miki guda 3 masu tsayin ƙafa 7, su ne ginshiƙai, da guda 2 masu ƙafa 4, su ne na sama. Mahaɗa: gwiwa 2 na kusurwa, da mai baki uku guda 1 na tsakiya. Kar ki ce za ki bar ginshiƙin tsakiya, fayif mai ƙafa 8 ba tare da madogara ba lanƙwashewa yake yi da zarar yadi ya hau. Kar a sa gam a mahaɗan, don ki iya kwancewa ki ajiye. Kowane ginshiƙi ki dasa shi cikin babban bokitin fenti da aka cika da yashi mai damshi, sannan ki ɗaure saman da igiya a ƙusoshi biyu a jikin katanga. Wannan ɗaurin ba na ganin dama ba ne. Iskar hunturu in ta cika yadi, gaba ɗaya take kifar da shi, kuma kan amarya zai faɗo.

Yadi: shifon mai faɗin inci 60, yadi 10. Ki raba shi falle huɗu, kowanne yadi biyu da rabi, a naɗe saman inci 3 a ɗinke, fayif ya shiga ciki. Falle biyu kowane ɓangare. In kika rage yadin, tattarar ba za ta fito ba, zai zama kamar labulen shago. Shifon shara-shara ne, don haka ki rataya farin zanin gado a bayansa, in ba haka ba tagar bayan gida da igiyar shanya duk za su fito a hoto.

Faya-fayan kuwa kar ki ɗinka su jikin shifon, za su ja shi ƙasa. Ki rataya tabarmar kaba mai kyau a tsakiya daga fayif ɗin sama, ki ɗinke faifai 15 zuwa 20 a jikinta da zaren kamun kifi, manya da ƙanana a cakuɗe, ki tara su gefe ɗaya suna hawa sama. Jerin da ya yi daidai-wa-daida ba ya kyau a hoto.

Sunan amarya: a buga miki kowane harafi a takarda guda a wurin masu kwamfuta, tsayin inci 8, ki kwafa a kwali mai kauri, ki yanka da reza, ki fesa fenti ruwan zinariya sau biyu, sama-sama, ki bar na farko ya bushe. Fesawa mai yawa lokaci ɗaya na sa kwali ya kumbura ya karkace. In farin soso na cikin kwalin firji kika yi amfani da shi, fentin fesawa narkar da shi yake yi. Ki liƙa sunan a tsayin ƙafa 6, ƙasa da haka gwaggwaron ƙawaye zai rufe shi.

Ƙawar wata amarya, Bolari:
Anty, balan-balan fa? Ai liyafar ƙawaye ba ta cika ba sai da su.

Mai kwalliyar fili, Pantami:
A ganina da faifai da ƙwarya ba sa buƙatar balan-balan, kuma a tsakar gida a Disamba wahala ce. Roba tana jan ƙura, kafin la'asar ƙyallin ya dushe. Amma in dole ne, a yi ƙaramin zube a kusurwa ɗaya, tsawon ƙafa 5, kamar guda 30. A hura da famfon hannu, kar a cika tam, a bar shi da ɗan laushi, domin iskar ciki tana buɗewa in rana ta doke shi. Masu duhun launi sun fi saurin fashewa. A nisanta su da kaskon turare, kuma kar yara masu ɓare lemo su taɓa, man ɓawon lemo na fasa balan-balan nan take.

Hajiya mai turare, Jekadafari:
'Yata, kayan rabo ki yi turaren wuta, amma cikin satin nan za ki haɗa, ba satin biki ba. Turare sai ya kwanta yake kama jiki.

Ƙananan kwalabe masu murfi guda 60, kowacce tana cin kamar giram 25, kin ga kilo ɗaya da rabi ke nan. Ki sayi itacen sandal ko gabgab a babbar kasuwa, a daddatsa ƙanana, ki kaɗe ƙurar, in kin wanke ki shanya har ya bushe ƙarau. Ma'aunin: kofi 4 na itace, kofi 1 na sukari, rabin kofi na ruwa, da ruwan rabin lemon tsami. Ki dafa sukarin da ruwan da lemon a wuta kaɗan har ya yi danƙo, in kin ɗiga tsakanin yatsu biyu yana jan zare. Ki zuba itacen ki yi ta juyawa har ko'ina ya samu, ki sauke. Sai ya huce ya koma ɗumi-ɗumi sannan ki zuba madarar turare, kamar rabin kofi, ki cakuɗa sosai.

Inda mutane ke ɓata shi wuri uku ne. Zuba turare tukunya na kan wuta: ƙamshin tashi yake yi, in kuma na fesawa ne yana iya kama wuta. Sukari ya yi yawa ko ya ƙone: a kasko sai ƙauri. Itace da sauran damshi: bayan kwana goma za ki buɗe ki ga fumfuna. Ki zuba a babbar kwalba ta gilashi, ki rufe, ki ajiye inda ba rana sati biyu zuwa uku, kina girgizawa duk bayan kwana biyu, sannan a ɗura a ƙanana. Ki bar amaryar ta zaɓi madarar turare biyu ko uku da kanta, kar ki haɗa bakwai. Duk wadda ta kunna a ɗakinta, ƙamshin bikin ne zai dawo mata.

Tela, Herwagana:
Tunda akwai keke, ki sa kwalaben cikin 'yar jakar zuge ta atamfar ankonku. Ki yanka ƙyalle inci 6 da inci 14, ki ninke biyu, ki ɗinke gefe da gefe, ki naɗe baki inci 1 don zare ya wuce. Faɗin atamfa na fitar da guda 7 a layi, don haka yadi 4 zai ba ki 70, har da rarar waɗanda za su lalace. Ki bar ƙofar zaren kafin ki ɗinke gefen har sama, masu koyo nan suke mantawa sai an zo zura zare a fara farkewa. Mutum biyu, ɗaya na yanka da guga ɗaya na kan keke, kwana uku sun gama.

Yayar amarya, Tumfure:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To sunan nata fa, sitika zan buga in manna a kwalaben da ƙoren? Kuma muna son a sha fura da nono a ƙananan ƙore.

Mai zanen ƙwarya, Kumbiya-kumbiya:
Sitika a kan ƙwarya ba ta zama. Jikinta a lanƙwashe yake, gefen takardar zai tattare ya ɗago. A kwalba ma in madarar turare ta taɓa ta, rubutun wankewa yake yi. Ki buga sunan da ranar biki a kati mai kauri, guda 10 a takarda ɗaya, ki yanka, ki huda, ki ɗaura a zaren jakar.

Ƙore kuma ki raba su kashi biyu tun yanzu. Na ado: a wanke, a shanya kwana biyu, a goge bayan da samfefa mai laushi, a zana sunan da fensir, a bi da fentin akirilik da siririn buroshi, in ya bushe a shafa banish sau ɗaya. Alƙalamin maka ba ya yi, tawadar na bin jijiyar ƙwarya ta bazu. In kina son wanda ba ya gogewa har abada, ki kai wa masu zanen wuta su ƙona sunan da ƙarfe, amma ki rubuta musu da fensir da kanki don kar harafi ya juye.

Na shan fura ba fenti ba banish, ko a baki. Sabuwar ƙwarya tana da ɗaci: a kankare cikinta, a jiƙa ta da ruwan dusa ko ruwan tsamiya kwana biyu ana canja ruwan, a shanya a rana. In ba a yi haka ba, furar duka za ta yi bauri. Ƙoren kakarku na jere, waɗanda suka tsufa suka yi ja, kar ki bari a taɓa su da fenti. Ki jera su a gefen kujerar amarya yadda suke, ki sa mutum ɗaya ya ƙirga su kafin taro da bayan taro.

Mai lalle, Tudun Wada:
Ƙarin bayani kan abin sha: kunun aya ba ya jure jira, a yi shi da safiyar ranar, a sa cikin ƙanƙara. Zoɓo kuma a nisanta shi da shifon ruwan madara da kayan amarya. Takardar suna a jikin gora in ta haɗu da ƙanƙara saɓulewa take yi, sai an lulluɓe ta da faffaɗan salatif.

In za ku yi wa ƙawaye ƙunshi a wurin liyafar, jan lalle ya isa. A tankaɗe shi sau biyu da ƙyallen shifon, a kwaɓa da ruwan lemon tsami da cokali 1 na sukari a kowane kofi, a rufe ya kwana. Sukarin ne ke hana shi bushewa ya zube da wuri a iskar hunturu. Baƙin da ake haɗawa da dayis na gashi yana ƙona fatar wasu, har ya yi ƙuraje masu ruwa. Duk abin da za a sa wa amarya a gwada shi a ɗan wuri a hannunta kwana biyu kafin nan.

Gwaggo, Federal Low-cost:
Duk sun faɗi gaskiya. Nawa kan ranar kamu ne. 'Yata, adon liyafar ƙawaye ki bar shi a tsaye, amma ki sake shimfiɗa. Dangin ango za su shigo a ƙungiyance, a yi cinikin kamu da ƙawaye, a buɗe fuskar amarya a fesa mata turare, saboda haka gabanta yana son fili kamar taku biyar ba tebur ba kujera. Tsofaffi a ba su tabarma da matasai a inuwa, kusa, inda za su ji su gani. Kaskon turare a ajiye shi nesa da yadin nan, shifon ba ya wasa da wuta.

Ku fara da an idar da la'asar. A Disamba kafin ƙarfe 6 rana ta faɗi, in kuka tsaya jiran mai kwalliyar fuska har biyar da rabi, hoton duhu za ku samu. Kujerar ta kasance a inuwar katanga, kar rana ta fito daga bayanta.

Sannan ki sami littafi mai bango mai ƙarfi, a lulluɓe shi da ragowar atamfar, kowace baƙuwa ta rubuta wa amarya addu'a ko nasiha da sunanta. Iyayen da ba sa rubutun boko su yi da ajami, ko yarinya ɗaya ta zauna kusa da su tana rubuta abin da suka faɗa. Biro uku, a ɗaure su da zare. Kuma a sanar tun a ƙofa ko amarya ta yarda a sa hotonta a WhatsApp da Facebook ko ba ta yarda ba.

Mai kwalliyar fili, Pantami:
Tsarin lokaci, don kar komai ya taru a satin ƙarshe: satin nan turare da jiƙa ƙore. Sati na biyu jakunkuna da katin suna. Na uku haruffa da fentin ƙore. Na huɗu ki kafa fayif ɗin da yadin gaba ɗaya, da yamma daidai lokacin taron, ki zaunar da wata a kujerar ki ɗauki hoto da waya, a nan za ki ga abin da ya karkace. Kuɗin kuma madarar turare da kwalabe za su fi ci, ki fara da su, sai yadi, sai fayif. Ki ware N15,000 kar ki taɓa, na salatif, ƙusa, zare da kuɗin Keke Napep na ranar. In bindigar gam za ki yi aiki da ita, ki gama liƙe-liƙen lokacin da akwai wuta, ranar taron kuma allura da zare da fil su kasance a jakarki.