Katangar tsohon gidan yari, abin adanawa ce?

Ɗan Ƙofar Sauri: Salamu alaikum. Jiya a majalisa muka yi gardama da ƙanena. Idan wata rana aka kwashe fursunoni daga tsohon gidan yarin cikin garin Katsina, a rushe shi ko a bar katangar saboda tarihi? Shi cewa ya yi wurin wahala ba ya cancanci tunawa ba.

Malam na Rafindadi: Wa alaikumus salam. A bar ta, ɗana. A zamanin Turawa yawancin gidajen yarin Arewa a hannun En'e suke, wato hukumar sarakunan gargajiya, sai 1968 Gwamnatin Tarayya ta karɓe su. Wanda aka ɗaure kan haraji ma ta cikin irin katangar nan ya wuce. Tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ai gidan tarihi ce yanzu, har yara 'yan makaranta ake kaiwa.

Hajiya Ƙofar Ƙaura: Malam, Allah ya gafarta, wa zai kula da ita? Dubi ganuwa: ruwa ya ci, mutane sun ɗebi ƙasa sun yi tubali. Hasumiyar Gobarau ma da ba a yi mata yaɓe, da tuni ta zube.

Ɗan Ƙofar Sauri: To Hajiya, ko ƙofar da bango ɗaya a bari mana, sauran filin a yi makaranta.