Sushi ya shiga raina, zan iya yin sa da kifin Gidimuni?

Maman Hadiza, Birni

Assalamu alaikum ƴan uwa. Watan jiya na je Yamai wajen ƙanena, ya kai ni wani gidan abinci ya sa aka kawo mana sushi. Da na ji ɗanyen kifi ne sai da zuciyata ta tashi. Ya ce, "Yaya, ɗaya kawai za ki ɗanɗana." Ɗan dunƙulen shinkafa ne bai fi babban yatsa ba, an ɗora masa yankan kifi mai launin lemu da zanen farin kitse jere-jere. Wallahi ko ƙarni babu. Shinkafar da ɗan tsami da ɗan zaƙi, kifin kuma yana narkewa a baki kamar man shanu. Ga wani koren yaji a gefe, wasabi, wanda ba ruwansa da harshe, hanci yake hawa, sai da na yi hawaye. Guda takwas na ci.

Tun da na dawo Damagaram abin yake raina. Babanmu yana fama da hawan jini da ciwon suga, likita ya ce ya rage jan nama da soye-soye, ya yawaita kifi. Na ga sushi ba suya, ba mai. Shin da gaske abincin lafiya ne? Kuma in na samu karfasa sabuwar kamu ta tafkin Gidimuni, zan iya yanka ta ɗanya in yi masa a gida?

Ma'aikacin jinya, Sabon Gari

Wa alaikumus salam. Hajiya, don girman Allah kada ki ba Baba ɗanyar karfasa, ko da a gabanki aka fito da ita daga ruwa. Kifin tafki da na kogi yana iya ɗauke da tsutsotsi a cikin tsokarsa, har da irin doguwar tsutsar nan da ke zama a hanjin mutum ta yi tsawo sosai. Sabuntar kifi ba ta hana wannan, wuta ce ke kashe su. Lemun tsami da ruwan khal ma ba sa kashe su.

Wanda kika ci a Yamai, yadda kika kwatanta shi, salmon ne, kuma daga waje ake kawo shi cikin sanyi. Kifin teku shi ma yana da tasa tsutsar, anisakis, shi ya sa a Tarayyar Turai doka ta ce kifin da za a ci ɗanye a daskarar da shi a digiri 20 ƙasa da sifili na aƙalla awa 24. A Amurka kwana 7 suke cewa a wannan sanyin. To ki duba firigonki na gida, ki duba yadda wuta ke ɗaukewa a watan Afrilu da Mayu ana zafin da ya haura digiri 40. Kifin kwali da ake kawo mana daga bakin teku ya yi tafiyar kwanaki a mota, ba wanda zai rantse miki bai narke ya sake daskarewa a hanya ba. Ƙanƙara tana kashe tsutsa, amma ba ta kashe ƙwayoyin cutar da ke kawo amai da gudawa. Dattijo mai suga, mai juna biyu da ƙananan yara, su ne abin ya fi kayarwa.

Shi kifin kansa alheri ne. Salmon da sardin da makarel suna da man omega-3 mai taimakon zuciya, kuma dafuwa ba ta raba su da shi. Manyan kifayen teku irin babbar tuna su ne ke tara zaiba a jiki, a riƙa ci jefi-jefi.

Ɗan Zango mai girki

Anti, ki kwantar da hankalinki, ba ki rasa sushi ba. Sunan ma na shinkafar ne da aka haɗa da ruwan khal, ɗanyen kifi zalla sashimi ake ce masa. Asalin abin dabarar adana kifi ce: a sa masa gishiri a binne shi cikin dafaffiyar shinkafa watanni har ya yi tsami, a zubar da shinkafar a ci kifin. Har yau ana yin irinsa a bakin tafkin Biwa a Japan. Kin ga tunani ɗaya ne da bandar da ake kawo mana daga Diffa, kowa da yadda ya yi maganin ruɓewar kifi. Irin wanda kika ci, na dunƙule, a birnin Edo ya bayyana, wato Tokiyo ta yau, wajen shekarun 1820. Shi ɗanyen salmon ɗin ma baƙo ne a wajen mutanen Japan, ƴan Norwe ne suka tallata musu shi daga shekarun 1980.

Su kansu suna yi da ƙwai, da kokwamba, da dafaffen kifi. Ki turara giwan ruwa ko tarwaɗa, ki cire ƙaya, ki haɗa da kokwamba da karoti da aboka. Baƙar takardar da ake naɗewa da ita, nori, ciyawar teku ce busasshiya, ba ta lalacewa da wuri, ƙanenki zai iya nemo miki a manyan kantunan Yamai. Kada dai shinkafar ta yini a buɗe, a yi a ci.

Hajiya Babba

Ƴata, ni kifin bai dame ni ba kamar shinkafar. Shekara da shekaru ina jinyar mai suga a gidana. Zaƙin nan da kika ji sukari ne aka zuba, a kan farar shinkafa mai danƙo, kuma an matse ta, mutum zai ci da yawa bai sani ba. Sai baƙin ruwan waken suya da ake tsomawa: babban cokali ɗaya ya kusa rabin gishirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda mutum ya ci a yini, wato ƙasa da giram 5. Ga mai hawan jini wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan ki riƙa tambaya in kin je ci a waje, wasu suna zuba wani ruwa mai zaƙi da ake kira mirin a shinkafar, shi kuwa akwai giya a cikinsa.

Maman Hadiza, Birni

Allah ya saka muku da alheri, na fasa ɗanyen. Jiya na sayo giwan ruwa a kasuwar Dole na turara ta da citta. Shinkafar na sa mata ruwan khal da gishiri ɗan kaɗan, ban sa sukari ba, na yi ta siririya na cika cikin da kifi da kokwamba. Tunda nori bai iso ba, na fere kokwamba fale-fale na naɗe da ita, biyu sun warware, sauran sun tsaya. Lemun tsami na matsa a maimakon baƙin ruwan. Baba ya ci huɗu da dambun zogale a gefe, ya ce in ƙara citta in zan sake. Malam ma'aikacin jinya, awa nawa bayan cin ya kamata in gwada masa suga, in ga ko huɗun sun yi masa yawa?