Sauti ɗaya na ogan ya ƙi yin shiru

Jama'a, a taimaka. Ina gyaran wata tsohuwar ogan mai bututu (kayan kiɗa mai aiki da iska), irin wadda sandunan katako ke haɗa madannai da bawul (murfin da ke buɗe wa bututu iska). Da na kunna injin iska, sai sautin C na tsakiya ya kama kuka shi kaɗai, a kowane jerin bututu na buɗe kuwa. Madannin yana dawowa daidai.

Na buɗe akwatin iska, na share ƙurar fatar bawul ɗin, na canja sifirin, na sassauta wayar da ke jansa. Ya yi shiru, amma da damshi ya ƙaru sai ya dawo. Fatar ta ƙandare ta gefe guda.

Yaya zan gane ko fatar ce, ko katakon bawul ɗin ne ya lanƙwashe?