Wa ya kifar da gwamnatin Balarabe, majalisa ko masu zaɓe?

Ɗan Tudun Wada: Jama'a ni fa ina nan kan bakana, ba ranar 23 ga Yuni 1981 da majalisa ta tsige Balarabe Musa daga kujerar gwamnan jihar Kaduna aka tsige shi ba, tun 1979 masu zaɓe suka tsige shi. Ya za a yi ku ba jam'iyyarsa PRP gwamna sannan ku cika Lugard Hall, wato majalisar dokokin jiha, da 'yan jam'iyyar NPN?

Kawu na Sabon Gari: Kai yaro lokacin ko haihuwarka ba a yi ba, mu muka bi layi. Zaɓen majalisar jiha aka fara yi, bayan sati ɗaya aka yi na gwamna, a na farko kowa ɗan garinsu ya duba, da aka zo na biyu sai masu adawa da NPN suka taru bayan Balarabe don kar Lawal Kaita na NPN ya hau. Ina laifin talaka a nan?

Ɗan Tudun Wada: Allah ya huci zuciyarka Kawu, amma ai maganata ka ƙarfafa.

'Yar Samaru: A'a. Rinjaye daban, mugunta daban. Sau nawa Balarabe ya kai sunayen kwamishinoni 'yan majalisa suna watsi da su? Har ya sauka bai da kwamishina ko ɗaya, sai su Dakta Bala Usman da ya bar ABU ya zama sakataren gwamnati. Mutumin da ya soke haraji da jangali fa, kun san waɗanda abin ya yi wa ciwo.

Malamin Kongo: Hajiya shi ma ai bai da sassauci wlh, wanda ke hannu da majalisa dole ya iya lallashi. Ga PRP ɗin ma ta rabe gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, wa zai tare masa?

'Yar Samaru: Lallashi ko rabon kwangila Malam?

Kawu na Sabon Gari: Kuma ku daina cewa gwamnati ta canza. Mataimakinsa Abba Musa Rimi ne ya hau, PRP ce dai. NPN sai 1983 ta samu kujerar, wata uku Kaita ya yi soja suka zo.

Ɗan Tudun Wada: To yanzu a nan wa ya san sunan ɗan majalisar jiha na mazaɓarsa? Banda duba Google.

Malamin Kongo: Na san fuskarsa dai, fostarsa na nan a Kofar Doka.