Hoton hasken arewa: Aislan ko Norwe?

Mai Nikon: Salam jama'a. Dan Allah waɗanda suka taɓa zuwa can ƙuryar arewa ku ba ni shawara. Ina so in fita a Fabrairu in ɗauki hoton aurora, wato koren hasken nan da ke bayyana a sama da dare a can, da duwatsu cikin dusar ƙanƙara, amma na kasa tsayar da magana tsakanin Aislan da arewacin Norwe. Wanne ya fi?

Ɗan Yawo: Wslm. Norwe mana, ka sauka garin Tromso ka wuce tsibiran Lofoten. An gama magana.

Maman Biyu: Ba a gama ba. Lofoten hadari ya yi mata yawa a wannan lokacin, sai ka yi ta zama sama a rufe. In hasken kake nema tsakani da Allah ka tafi Abisko a Suwidin, duwatsun da ke yamma da ita suna tare hadarin da ke tasowa daga teku shi ya sa samanta ta fi washewa. Jirgin ƙasa na dare daga Stockholm har tashar wurin yake kai ka.

Baban Yara: Ƙanena bari in ba ka labarin Aislan kafin ka yanki tikiti. Ƙasar kam Allah ya yi mata kyau ban musa ba, amma in za ka je a hunturu kuma kai za ka tuƙa kanka to ka saurare ni. Na karɓi mota haya a wajen wani kamfani kusa da filin jirgi, na ce musu ina son inshorar da ta haɗa komai, suka ce ga ta, na biya kuɗi masu kauri. Mun kama babbar hanya mai lamba 1 muka nufi kudu wajen garin Vik, iska tana kaɗawa irin wadda za ka ji mota tana rawa a kan titi. Na tsaya a wurin da aka tanada don tsayawa, abokin tafiyata ya riƙe ƙofa da hannu biyu zai fita, wallahi iska ta fizge ta daga hannunsa ta banƙare ta har ta taɓa gaban mota, daga ranar ba ta ƙara rufuwa daidai ba sai da muka ɗaure ta da igiyar jaka, iskar sanyi tana shigowa ta gefe har muka koma. Da muka mayar da mota sai yaron da ke kan tebur ya buɗe takarda ya nuna min wani layi can ƙasa da ƙananan rubutu wai ɓarnar iska a ƙofa ba ta cikin inshora, haka ma in ruwa ya shiga inji wajen ketare rafi, yashi da tokar dutse kuwa nasu kuɗin daban ne. To me ya sa da na ce komai ba ku faɗa min ba? Suka cire kuɗin daga katina ina tsaye. Har yau abin yana min ciwo saboda amana ce na ba su. Sannan ka sani hanyoyin tsakiyar ƙasar masu harafin F, irin wadda ke kai ka Landmannalaugar inda duwatsun nan masu launi-launi suke, a rufe suke duk hunturu, sai wajen tsakiyar Yuni zuwa Satumba ake shiga kuma da mota mai jan ƙafa huɗu. Ma'ana hotunan da kake gani suna burge ka da yawansu ba za ka kai gare su a Fabrairu ba. Sauka daga hanya ka bi fili da mota kuma laifi ne, tara ce mai nauyi. In ka je bakin tekun Reynisfjara mai baƙin yashi kada ka kuskura ka juya wa ruwa baya kana gyara kyamara, igiyar ruwan wurin takan zo ba sallama ta wuce inda ta saba tsayawa, ta ci rayukan mutane.

Maman Biyu: Subhanallah. Allah ya mayar da alheri Yaya.

Ɗan Yawo: Amin. Amma fa iskar Lofoten ma ba ta wasa ba ce, gaskiya ɗaya ce.

Injiniya: Ni batir zan yi wa magana. Sanyi yana zuƙe shi, wanda ka cika da yamma sai ka ga ya nuna ja tun ba ka yi komai ba. Ka tafi da uku aƙalla, ka ajiye su a aljihun ciki jikin fata, wanda ya mutu in ya ji ɗumi yakan farfaɗo. Kuma kafin ka shiga ɗaki mai ɗumi ka sa kyamara a leda mai zif ka rufe tun kana waje, ka bar ta ta huce a hankali, in ba haka ba raɓa za ta kwanta har cikin gilashi.

Mai Nikon: Na gode Injiniya. Saitin fa?

Injiniya: Buɗe gilashi sosai zuwa f/2.8, ISO (ƙarfin karɓar hasken kyamara) tsakanin 1600 da 3200, ka bar ta tana ɗauka daƙiƙa 5 zuwa 15. In hasken yana gudu ka rage daƙiƙun don kada ya zama kamar kunu. Fokas da hannu, ka nemi tauraro mai haske ka daidaita a kansa. Ƙafar kyamara dole ce, kuma ka naɗe ƙarfenta da wani abu don kama shi da hannu tsirara a wannan sanyin azaba ne.

Autan Zaure: Duk wannan wahala ta mece ce, wayoyin yanzu suna ɗauka tsaf.

Injiniya: Suna ɗauka a kan allon waya. Buga shi babba ka rataye mu gani.

Autan Zaure: Wa ke buga hoto a wannan zamani Malam? 😂

Ɗan Yawo: Auta kai da ko fasfo ba ka sabunta ba.

Autan Zaure: Yana hanya insha Allah.

Hajiya Babba: Ku bar yaro ya sarara. Ni tambayata daban ce, yaya kuke yi da sallah a can? Na ji an ce rana ba ta fitowa.

Ɗan Yawo: Hajiya a Tromso daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu ba ta leƙowa sam, sai wani shuɗin haske da tsakar rana wanda masu hoto ke mutuwar so. Daga wajen 20 ga Mayu zuwa ƙarshen Yuli kuma ba ta faɗuwa. Akwai masallaci a garin, a irin waɗannan watannin lokacin Makka suke bi. A Fabrairu dai rana ta dawo, akwai asuba akwai magariba.

Hajiya Babba: Ikon Allah. To alhamdulillah.

Mai Jakar Baya: Duk kun tsaya kan hunturu. Ni a wajena Satumba ta fi, dare ya dawo ana ganin hasken, tafkuna ba su daskare ba sai ka samu koren yana kwance a cikin ruwa, ganye ya koma ja da rawaya, sauron Yuli kuma ya ɗauke. Hanyar ƙafa ta Kungsleden daga Abisko take farawa, kusan kilomita 440 har Hemavan, ba sai ka cinye ta ba, ɓangaren farko kaɗai ya isa ka cika katin kyamara. A Norwe kuma doka ta ba ka damar kafa tanti a daji kwana biyu matuƙar ka nisanci gidan mutane da mita 150.

Autan Zaure: Svalbard fa, tsibiran Norwe da ke can ƙuryar arewa? An ce ba a neman biza.

Maman Biyu: Ita kanta ba ta nema, amma ta Norwe jirgi ke bi, sai ka samu bizar Shengen ta ƙasashen Turai mai shiga sau biyu. Kuma ba a fita bayan garin Longyearbyen haka kawai saboda farin beyar, dabbar nan ta ƙanƙara mai kai wa mutane hari, sai da mai rakiya mai bindiga.

Autan Zaure: A'a na fasa.

Baban Yara: Mai Jakar Baya wane takalmi ka sa a Kungsleden ɗin? Nawa ruwa yake sha.

Mai Jakar Baya: Bari in duba sunansa in turo maka anjima Yaya, na fita yanzu.