Hutun bazara ga ɗan ROTC: wane kwas zai ɗauka, kuma a ina?

Maman Sadik: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Sadik yana aji uku a jami'a a Amurka, injiniya yake karanta, kuma yana cikin ROTC ta sojan ƙasa, wato shirin horar da ɗaliban jami'a su zama hafsoshin soja. Akwai kwas biyu da suka yi masa saura, ɗaya lissafi ne na aji biyu, ɗaya kuma ilimin zamantakewa da ake tilasta wa kowa. Yana so ya cike su a hutun bazarar nan don kada kammalawarsa ta wuce watan Mayun baɗi. To kuma bazarar nan ce zai tafi sansanin horon soja na Fort Knox. Waɗanda suka san hanyar nan ku taimaka min, a ina zai yi su, kuma wa zai biya?

Baban Amira: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki wahalar da kanki, ki tura shi kwalejin garinku mai shekara biyu. Kuɗinta bai kama ƙafar na jami'a ba, ga shi a gida zai kwana, babu kuɗin ɗaki. A can Amira ta yi lissafinta.

Nura: Mama ina wuni. Bara na fito daga Fort Knox ɗin. Kafin a yi maganar makaranta, ki tambaye shi wane rukuni aka sa shi, kuma yaushe zai shiga. Sansanin kusan mako biyar ne a jihar Kentaki, kuma rukuni-rukuni ake shiga tun daga farkon bazara har watan Agusta. Yawancin makarantu zango biyu suke yi a bazara, na farko daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuni, na biyu daga Yuli zuwa Agusta. Idan ranarsa ta faɗo a Yuli, zangon farko nasa ne. Idan a Yuni ta faɗo, sai na biyu. Wanda tasa ta ratsa tsakiya kuwa, sai dai gajeren zangon nan na mako uku da wasu makarantu ke yi a Mayu. Ranar sansani ba ta motsawa saboda an biya kuɗin kwas.

Alhaji Ɗanladi: To ba sai ya yi ta intanet ba? Yanzu ai kowa da wayarsa yake karatu. Da dare idan sun tashi daga fareti sai ya duba.

Nura: Baba, babu wannan daren. Ba a barin waya a hannun kadet, wato ɗan ROTC, yadda ya ga dama, kuma kwanaki da yawa a daji ake yinsu, ana auna mutum kan karatun taswira da harbi da jagorancin 'yan uwansa. Sakamakon can yana shiga lissafin da ake jera kadet da shi a ƙasa baki ɗaya, wanda ke da tasiri kan sashen sojan da za a ba mutum. Wanda ya raba hankalinsa biyu, duka biyun zai ɓata.

Malama Hadiza: A ofishin rajistara nake aiki, bari in sa baki. Shawarar Baban Amira tana da kyau, amma da sharaɗi. Kafin Sadik ya biya ko sisi, ya karɓo takardar amincewa daga jami'arsa cewa wannan kwas ɗin, mai wannan lambar, a waccan kwalejin, za a karɓe shi a madadin nasu. A rubuce, da sa hannu. "Mai ba ni shawara ya ce babu matsala" ba hujja ba ce a wurinmu. Kowace shekara sai mun ga yaro ya zo da takardar sakamako mai kyau, a ce masa kwas ɗin ya shiga a matsayin na zaɓi kawai, bai biya masa buƙatar digirinsa ba. Sassan injiniya sun fi kowa tsanani a kan wannan.

Sannan abu biyu da iyaye ba su cika sani ba. Yawancin jami'o'i ba sa karɓar abin da ya gaza C daga wata makaranta. Kuma kiredit, wato shaidar ya ci kwas ɗin, shi ne kawai ke ƙaura, makin ba ya shiga GPA ɗinsa, wato matsakaicin makinsa a jami'arsa. Idan burinsa ya rage nauyi ne, kwalejin gari ta wadatar. Idan kuwa faɗuwa ya yi yana son ya goge mummunan maki, to a jami'arsa zai maimaita, duk tsadarta.

Maman Sadik: Bai faɗi ba Malama, ajiye shi ya yi saboda lokacinsa ya yi karo da darasin soja.

Malama Hadiza: To alhamdulillahi, kwalejin gari ta ishe shi ke nan.

Nura: Ya kuma kai wa malamansa na ROTC fam ɗin 104-R su sabunta. Shi ne jadawalin kwasa-kwasansa har ranar kammalawa, 'yan sojan sama kuma Form 48 suke cikewa. Ya duba a ciki ko ya riga ya yi tarihin sojan Amurka, domin ba a ba ɗan ROTC na sojan ƙasa muƙamin hafsa sai da shi, kuma ba kowane kwas ɗin tarihi suke yarda da shi ba.

Anti Bilki: Ilimin zamantakewar nan ni ban ga dalilin zama a aji dominsa ba. Akwai jarrabawar CLEP ta hukumar shirya jarrabawa ta College Board, kusan awa ɗaya da rabi ce a kwamfuta, makarantu da yawa suna ba da kiredit idan mutum ya samu maki 50. Wata ƙungiya mai suna Modern States tana koyar da darussan kyauta ta intanet, har su ba da takardar biyan kuɗin jarrabawar. Ya fara duba ko jami'arsa tana karɓa, don wasu suna hanawa idan ɗalibi ya yi nisa a digirinsa. Idan ta karɓa, lissafin kaɗai ya rage masa a bazara, kuma wallahi lissafin zango guda da aka matse cikin mako shida ya ishi mutum aiki.

Baban Amira: Ni ban yarda da karatun da ba a zauna gaban malami ba.

Anti Bilki: Yaya, ba likita zai zama da shi ba, kiredit uku ne kawai.

Baban Usman: Nawa ɗan na sojan ruwa ne, tsarinsu daban. Mai tallafin karatu dole ya gama kalkulas zango biyu kafin ƙarshen aji biyu, fiziks kuma kafin ƙarshen aji uku, ga shi kusan kowace bazara akwai horo ko fita teku. Masu shiga rundunar Marin kuma mako shida suke yi a Kwantiko ta jihar Bajiniya bayan aji uku. Na sojan sama bayan aji biyu suke zuwa sansanin Maxwell a Alabama. Don haka kowa ya faɗi rundunar ɗansa kafin ya ɗauki shawarar wani.

Malam Sani: Babu wanda ya ambaci Project GO. Ma'aikatar tsaron Amurka ta kafa shi a 2007 don 'yan ROTC su koyi harsuna irin su Larabci da Sinanci da Rashanci da Swahili a hutun bazara, a cikin ƙasa ko a waje, ana biya musu kuɗin karatu da masauki. Yaranmu da suka yi Islamiyya suna da tushen Larabci, bai kamata ya riƙa wuce su ba. Ga Sadik kam lokaci ya ƙure, shirin yakan ci kusan wata biyu kuma tun cikin hunturu ake rufe neman gurbi. Masu yara a aji ɗaya da aji biyu nake yi wa tuni. Sai ɗan ƙasa ake ɗauka, mai katin zama kaɗai ba ya shiga.

Maman Sadik: Allah ya saka da alheri. Saura batun kuɗi. Tallafin karatunsa na ROTC zai biya?

Nura: Kada ki sa rai, Mama. Tallafin na zangunan karatu na cikin shekara ne, na bazara sai an nemi izini na musamman. Alawus ɗin wata-wata na dala 420 ma wata goma ake biya a shekara.

Malama Hadiza: Idan yana karɓar Pell, wato tallafin karatu na gwamnatin tarayya, tun 2017 aka dawo da damar amfani da shi a bazara. Amma tunda a wata makaranta zai yi kwas ɗin, sai ofishin tallafin jami'arsa ya ƙulla yarjejeniya da kwalejin, in ba haka ba kuɗin ba zai bi shi can ba. Takardar tana ɗaukar lokaci.

Maman Sadik: Yanzu na kira shi. Ya ce farkon Yuli aka ba shi.

Malama Hadiza: To zangon farko ke nan. Ya duba ranar jarrabawar ƙarshe da kyau, kada ta kai ranar tafiyarsa, sannan ya miƙa takardar neman amincewa cikin makon nan. Azuzuwan lissafi na bazara da wuri suke cika.