Littattafan koyar da buga littafi da kanka: sun amfane ku kuwa?

'Yar Idi-Araba:
Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta mazauna Legas. Allah ya nufa na kammala labarina na farko, ina so in ga ya zama littafi a hannu. An tallata min wani jagora na Turanci a intanet, kuɗinsa da dala, wai yana koya wa mutum yadda zai fitar da littafinsa ba tare da kamfanin ɗab'i ba. Kafin in cire kuɗina ina so in ji daga bakin waɗanda suka karanta irinsu kuma suka buga littafi a garin nan. Me kuka tsinta a ciki?

Ɗan Agege:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka, ƙanwata. Na karanta irinsu kafin in fitar da nawa. Abin da ya fi amfanata shi ne nacin da suke yi cewa marubuci ba ya tace rubutun kansa, dole ya ba wani ido. Saboda haka na kai wa wani malamin Hausa ya bi min layi-layi, ya raba min "ya ke" da "yake", ya nuna min inda labarin ya yi sanyi a tsakiya. Sai kuma lissafi: ki haɗa kuɗin tacewa, bango, bugawa da dako, ki raba da yawan kwafi, sannan ki sa farashi. Wannan gaskiya ne a ko'ina.

Amma rabin littafin ba da mu yake magana ba. Shafi bayan shafi kan kasuwar intanet ta Amazon ne, yadda za ki samu kashi 70 cikin 100 na kuɗin littafin in kin sa farashi tsakanin dala 2.99 da 9.99. Masu karanta nawa suna Agege da Mile 12 da Alaba Rago, taransifa suke yi ko su miƙo kuɗi a hannu bayan sallar Juma'a. Wanda ya rubuta jagoran bai san da su ba.

Malamin Makaranta, Obalende:
Ni kan maɗaba'a zan tsaya, don a nan aka fi kuka. Duk wanda zai buga littafi a Legas ƙarshensa Shomolu, kuma ma'aikatan wurin sun iya aikinsu. Sai dai yawancinsu Yarabawa ne, sun saba da haruffansu masu ɗigo a ƙasa, ba su saba da namu masu lanƙwasa ba. Na kai aikina a filas, mai tsara shafi ya buɗe a kwamfutarsa, ya canza salon harafi don ya fi kyau a idonsa. Da aka fito min da gwajin farko na buɗe, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai wani ɗan akwati fanko, wasu wuraren kuma harafin ya fito siriri shi kaɗai a tsakiyar kalma. Shi bai ga komai ba, tunda ba ya jin Hausa. Da ban nemi gwajin ba, da kwafi 500 sun fito a haka. Babu jagoran Turanci da zai gaya miki wannan.

Don haka ki mayar da aikin PDF tun daga gida, ki ce kada a taɓa salon harafin, kuma kada a ɗora farantin ɗab'i a inji a fara bugawa sai kin karanta kwafin gwaji daga bango zuwa bango kin sa hannu. Ki tambayi nauyin takarda, giram 60 ne ko 70 ko 80, ki riƙe ta a haske ki ga ko rubutun baya yana leƙowa. Su kan buga shafuka 16 a tashi ɗaya, to in shafukanki sun ɗan haura da biyu ko uku, rage su zai rage miki kuɗi. Kuma takarda daga waje ake shigo da mafi yawanta, tana bin dala. Tun da aka saki naira a 2023, farashin da aka ba ki yau ba lallai ya kai mako mai zuwa ba, ki sa a rubuta miki shi a rasit.

Hajiya, Agege:
'Yata, ina karanta ku ina jin daɗi. Abin da nake so ki sani, buga littafi da kai ba baƙon abu ba ne wurin Bahaushe. Tun shekarun 1980 marubutan Kano suke yi, maza da mata, lokacin da kamfanonin ɗab'i irin su NNPC ta Zariya suka fi karkata ga littattafan makaranta. Shi ne abin da aka riƙa kira Adabin Kasuwar Kano, ƙungiyoyi irin su Raina Kama suka tashi a kansa. Marubuciya ta tara kuɗin adashinta ta buga na ɗaya, in ya karɓu ribarsa ta buga na biyu da na uku. Raba labari kashi-kashi dabarar jari ce, ba wanda ya koyo ta daga Amurka. Matsalar da muka sha ita ce ta dillalai: ka ba da littafi bashi, kuɗi su riƙa zuwa kaɗan-kaɗan har ka manta nawa ka bayar. In za ki aika kaya Kano a mota, ki rubuta komai, ki fara da kaɗan, ki samu ɗan uwa a can da zai riƙa leƙawa. Zama ɗaya da wanda ya yi wannan harka ya fi miki babi goma na jagoran.

Ɗan Mile 12:
Ƙari kan lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi da ake sawa a bango. Jagororin suna tura mutum wani kamfanin Amurka ya saya, mu kuwa Laburaren Ƙasa ne yake bayarwa a Najeriya. Kuma dokarsa ta 1970 ta ce mai buga littafi na ƙashin kansa ya kai musu kwafi 3. Shagunan littattafai da makarantu suna tambayar lambar, ki yi ta kafin a buga bango.

Maman Yara, Ijora:
Ni ban taɓa buga na takarda ba, a WhatsApp nake sayar da nawa, mutum ya biya in sa shi a rukuni. Amma zan kare jagororin nan a abu ɗaya. Sun dage cewa marubuci ya riƙe masu karatunsa a hannunsa, kada ya dogara da dandali ɗaya. Na ɗauki maganar, na riƙa tara lambobin masu saye a littafin ajiya. Da OkadaBooks, dandalin sayar da littattafai a intanet, ta rufe a ƙarshen 2023, marubutan Hausa da yawa a can suke sayarwa, ni kuwa ina da hanyar da zan samu mutanena.

Abin da ke ci min rai satar fasaha ce. Ki kwana kina rubutu, wata ta biya sau ɗaya ta watsa shi rukuni-rukuni, har da cewa taimako take yi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare rubutu tun daga lokacin da aka rubuta shi, ba sai an yi rajista ba, amma wa zai bi waya dubu? Shi ya sa nake sakin babi-babi maimakon in tura shi dunƙule.

'Yar Idi-Araba:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Yaya Ɗan Agege, kenan kada in saya?

Ɗan Agege:
In da hali ki karanta, amma abin da ke ciki mai amfani gare mu kyauta ake samunsa a intanet, ni ma zan ara miki nawa in nuna miki babin tacewa da na lissafi. Kuɗin ki ba mai tace miki rubutu. Ranar da za ki Shomolu kuma ki tafi da wanda ya taɓa bugawa a can.

Malamin Makaranta, Obalende:
Asabar ba na koyarwa, zan iya raka ki in maigidanki ko yayanki zai zo tare da mu. Ki taho da PDF ɗin a filas da kwafi ɗaya da kika fitar a takarda, don mu gwada haruffan a gabansu.